Idanun Mudassir a Cikin Na'ura

Zarami yana ɗinke bakin buhun tattasai a kasuwar Diffa lokacin da Kaltum ta zo ta tsaya a kansa, ko sallama ba ta yi ba. Ta ce motar da ta ɗauko Sambo daga Mainé-Soroa ta kife da hantsi, mutum uku sun rasu, har da shi. Zarami ya yi salati, ya ci gaba da ɗinkin sai da ya kai ƙarshen buhun, don bai san inda zai sa hannuwansa ba.

Sambo Bafulatani ne, ɗan N'Guelbély, wanda ya baro shanun gidansu ya koyo gyaran ordinatar, wato kwamfuta, a Damagaram. Siriri ne mai magana ƙasa-ƙasa, kuma ba ya buɗe na'ura sai ya shafa ta, kamar mai lallashin saniya kafin tatsa. Shekara goma sha biyu suna tare da Zarami, Bafulatani da Babarbare, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa cikin wasa.

Kaltum kuwa ita ke riƙe da ɗan biro, wato ofishin wata ƙungiya, inda mutanen bakin Komadugu suke kai hotunan ƴan'uwansu da suka ɓata a shekarun gudu. A sa hoton cikin ordinatar, a naɗi muryar mai nema yana faɗin suna da kamanni. Zarami ma ya kai na ƙanensa Mudassir, wanda ya fita kamun kifi a Baroua bai dawo ba. Daga baya ambaliya ta shiga gidansu ta cinye na takardar. Na cikin na'urar kaɗai ya rage a duniya.

Sai fuskokin suka fara lalacewa. Kaltum za ta buɗe hoton mace, ta tarar daga hanci zuwa ƙasa ya zama toka. Wani dattijo ya fito da haɓar da ba tasa ba. Wata Laraba da rana tsaka ta kunna muryar wata tsohuwa, ana cikin magana sai muryar namiji ta ratso, wani mutumin Bosso da aka binne bara, yana ta kiran sunan ɗansa. Daga ranar mutane suka daina zama a bencin ƙofar biron. Aka kawo malami ya yi tofi a kusurwa huɗu.

Sambo bai yi wa kowa dariya ba. Ya ce akwai wani tsari a cikin disk, ma'ajiyar na'urar, da ke nuna inda aka ajiye kowane hoto da kowace murya, shi ne ya rikice, har na wani ke shiga na wani. Ya sa sabon disk, ya kwashe abin da ya kwasu. Kwana shida sai goshin Mudassir ya tafi. Ya sauya wayoyin ciki, ya gwada duk abin gwadawa, bai ga laifin komai ba. Bayan kwana biyu bakin Mudassir ya bi goshin.

Daga nan ya ajiye sukurdireba, ya ɗauki kujera ya zauna yana kallon Kaltum tana aiki, wuni uku cur. Da an kira azahar takan adana aikinta, na'ura ta ce an adana, sai ta zare wayar batirin pano, farantin hasken rana, don ya huta, kamar yadda kowa ke yi a unguwar. A nan ya gano. Ya faɗa wa Zarami cewa tsakanin na'ura da disk akwai wani ɗan tsari da ake kira pilot, shi ke kai saƙo. Wani sabon pilot da aka sa wa na'urar, yakan ce ya isar alhali saƙon na aljihunsa. In wuta ta ɗauke, saƙon ya zube a gidan wani. Ya ce Kaltum ba ta da laifi, na'urar ce ke yi mata ƙarya.

Maganin shi ne tsohon pilot ɗin, wanda wani abokin sana'arsa ke da shi a Mainé-Soroa, tare da wata waya da za ta karanta disk ɗin ba tare da ta taɓa komai a ciki ba. Ɓarnar ta riga ta yi nisa, ya ce yanzu ko kunnawa kaɗai na iya cinye wata fuskar.

Har yau na'urar tana biro a rufe da zane. Kaltum takan share ɗakin ta zagaye teburin. Zarami yakan je ya zauna kusa da ita, ya ɗora tafin hannu a kan zanen, ya tashi.

Ranar tafiya Mainé-Soroa, Zarami ne ya raka Sambo tasha. Sun yi ta tsokanar juna a kan wanda zai ɗaukar wa ubangidansa jaka, har mota ta cika. Sambo ya leƙo ta taga.

"Bawana, kada kowa ya kunna ta. Ko Kaltum, ko kai."

"Sau ɗaya kawai, Pullo. In ga idanunsa."

"Idanun ne kaɗai suka rage nasa. In ka kunna, ban san wanda zai dube ka ba."

Zarami ya tambaye shi yaushe zai dawo.

"Jibi da hantsi, in Allah ya yarda. Ka bar Mudassir a rufe ya jira ni."

"To," in ji Zarami. "Za mu jira."