Na'Allah Kwana Uku

A Gangara ta ƙasar Sabon Birni, in ka ce Na'Allah sai a tambaye ka wanne, don muna da su har huɗu. In ka ce Kwana Uku kuwa, ko akuya ta nuna maka gidan. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, manomin gero da hannunsa bai iya riƙe komai ba. Tun muna yara, ƙuli ɗaya sai ya fasa shi gida bakwai, ya tashi da lasar yatsa.

A shekara ta biyu ta fari ya samo sunan. Gero ya ƙone a tsaye, sai can ƙarshen damina ruwa ya zubo sau biyu, ya cika kududdufai. Bai ishi hatsi ba, amma ya ishi sauro.

Mu biyar muke ciyayya a ƙofar gidansa: bayan magariba kowa ya kawo akushin gidansa, a ci tare a tabarma ɗaya. A shekarar nan, yawancin akussan kwaɗon tafasa ne. Dokar tabarmar ita ce, abin da ya saura a gidan ɗayanmu na kowa ne, kuma ba a mayar wa mutum da abin da ya kawo.

Sai zazzaɓin cizon sauro ya kayar da matarsa, Saude. Ni na raka su asibitin Sabon Birni, tunda ni ne malamin firamare. Malamin asibitin, Lauwali, ya miƙo ƙwaya ashirin da huɗu.

"Huɗu da safe, huɗu da yamma, kwana uku cur," in ji shi. "Ƙarfinsa daga wani sinadari ne, atamisinin, da mutanen Sin suka tatso daga tazargaden ƙasarsu, ganyen da kakanninsu ke jiƙawa don zazzaɓi."

"Tazargade?" Na'Allah ya yi dariya. "Irin wadda Inna ka jiƙa muna? Ashe har Sin ta kai! Taubashi, riƙe muna bayanin, kai ad da boko."

Ya fita kai wa wata tsohuwa ruwa a baranda. Don haka ni kaɗai na ji sauran: sinadarin yana da saurin duka, amma ba ya daɗewa a jiki. Rana ɗaya Saude za ta ji garau. In ta tsaya nan, cutar da ta rage za ta farfaɗo.

Haka kuwa aka yi. Washegari Saude ta tashi, ta yi shara, har ta yi wa kaji faɗa. Da magariba sai ga Na'Allah da fara'a, ya ajiye ƙwaya goma sha shida kusa da akushi.

"Saude ta miƙe, ga saura. Bawa, jikinka da zahi. Wakili, tun jiya kake rawar ɗari. Attahiru, karɓi. Taubashi, kai ma idonka ya yi ja."

Huɗu-huɗu ya raba. Kaina kuwa tun safe yake sarawa, kuma ina tsoro. Wallahi na buɗe baki don in yi magana. Ƙwayoyin ne suka riga maganar wucewa. Na ce wa zuciyata ba a mayar da abin tabarma, ita kuma ta yi kamar ta yarda.

Kwana goma bayan haka Saude ta faɗi a gindin turmi, ba ta san wanda ke kanta ba. A amalanke muka kai ta bakin titi, daga nan mota ta kai mu asibiti. Lauwali ya tambaya ko ta shanye maganin.

"Ta sha na yini guda," in ji Na'Allah, "sauran mun raba."

Lauwali bai dube shi ba, ni ya duba. Ni kuma na duƙufa karanta hoton sauro da ke jikin bango. Kwana huɗu tana kwance ana ƙara mata ruwa, Na'Allah na zaune a ƙasa yana maimaita cewa ya kusa kashe ɗiyar mutane da kyauta.

Ta tashi, Alhamdulillahi. Tun daga nan, duk wanda ya karɓo maganin zazzaɓi a Gangara, safe da yamma zai ga Na'Allah a ƙofarsa, ba ya tafiya sai an haɗiye a gabansa. Har liman bai tsira ba. Sunan ke nan.

Shekara goma sha biyar na bar shi yana ɗauke da laifin shi kaɗai. Bara na tsaya a zaure na faɗa wa Saude.

"Na sani, Malam," ta ce. "Lauwali ya hwaɗa min tun ina gado. Jira nikai in ga yaushe bokon naka za ya yi magana. Tai ka hwaɗa mai da bakinka."

Na same shi yana gyaran rumbu. Ya saurare ni har ƙarshe, bai yi dariya ba, kuma ban taɓa ganin haka ba. Ya daɗe yana murza igiya.

"To," ya ce, "laihin ma rabawa za mu yi. Ɗauki unguwar yamma."

Yau da safe na tsaya a ƙofar Wakili har ya haɗiye huɗunsa yana zagina. Saude tana aiko min da fura duk Jumma'a, ba ta taɓa fashi ba, kuma kullum saƙon da ke biye da ƙwaryar ɗaya ne: Malam ya shanye duka.