Cibiyoyi Uku a Kangon Masana'anta

Duk Small Heath babu wanda bai san Hajiya Kubura ba, ko don faɗanta. Wata uku ta ce za ta yi lokacin da ta zo daga Kano wankan jegon Fauziyya, matar ɗanta Sunusi. Shekara goma sha shida ke nan, amma ka tambaye ta, sai ta ce, "Ni baƙuwa ce, gida Kano." Kullum kuma tana gaya wa jikokinta cewa garin mutum shi ne inda aka binne cibiyarsa.

Ranar da cibiyar Inaya, jikarta ta fari, ta faɗi, Hajiya ta naɗe ta a ƙyalle ta fita bayan gida neman ƙasa. Ina! Mai gidan hayar ya malale ko'ina da siminti. Fauziyya, likita guda, wai a jefa a shara. Hajiya ta zabga mata hararar da har yau ba ta manta ba, ta ɗauki ludayin ƙarfe, ta kutsa ta ɓular waya zuwa kangon tsohuwar masana'anta a bayan layinsu, ta binne a gindin wata bishiya. Na Ameen da Widad ma can ta kai, yaran ba su taɓa sani ba.

Bana sai ga takarda daga council: gwamnati ta ba su tallafi a gwada ƙasar kangon ko da guba, kafin a gina gidaje. In da guba, kwashewa za a yi. Hajiya ta dafe ƙirji. A loda mata cibiyar jikoki a tifa kamar bola? Ba dai tana numfashi ba.

Ran da masu gwajin suka iso, a gindin bishiyar suka tarar da ita kan kujerar roba, Inaya na tsaye za ta yi tafinta. Shugabarsu, wata Bethany, ta tambayi dalili. Hajiya ta fara bayani, Inaya na juyawa Turanci, sai yarinyar ta tsaya cak.

"Cibiyata? Tawa ni?"

"Ke dalla fassara, ba surutu na kawo ki ba."

Bethany, Allah ya yi mata albarka, ba ta yi dariya ba. Da sakamako ya fito, gubar dalma ce jibge a wurin, sai ta miƙa musu safar hannu ta ce su tono abinsu kafin a kwashe. Suka tona, suka tona, ko zaren ƙyallen babu. Hajiya ta zauna daɓas, abin tausayi, ta ce, "Ƙasa ta riga ta karɓa."

Inaya ta dafa ta. "To Hajiya, ashe ni 'yar Birmingham ce. Kuma ke kika ja."

Hajiya ta buɗe baki za ta yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa.

Ganin haka Bethany ta shigar da roƙo, aka yarda kusurwar bishiyar a rufe ta da sabuwar ƙasa maimakon kwashewa. Da labari ya zo, Hajiya ta kira Sunusi ta ce ya sa sunansu a masu neman gidajen, flat na ƙasa, mai kallon bishiyar.

"Hajiya, ba kin ce ke baƙuwa ba ce?"

"Rufe min baki. Jikokina uku a nan na shuka su, ina zan tafi in bar su?"