Doguwar Wayar Halliru Mai Hoto

Shekarar da aka yi wa ma'aikatan gwamnati rabon kuɗin Udoji, babura suka cika Wudil kamar an zazzage su daga buhu. Malamin makaranta da babur, masinja da babur, har wanda bai iya keke ba sai da ya sayi nasa. Ga manyan motoci suna ta ratsa gari su haye gada. Sai karaya ta yi yawa. Gwamnati kuwa, da yake kuɗin mai sun yi mata yawa har ba ta san inda za ta kai su ba, ta aiko wa ɗan asibitinmu injin ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji. Sunana Gwadabe, ni ne mai gwajin jini a asibitin a lokacin. Wanda aka damƙa wa injin shi ne Malam Halliru, kuma har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi.

Ɗan masunta ne daga bakin kogi, dogo, mai sanyin magana. Ya yi shekara goma sha biyu yana wankin gyambo da ɗaurin bandeji kafin injin ya zo. In Halliru ya fara gaishe ka, nemi wurin zama, don sai ya tambayi gida da yara da gona da akuyar da ta yi ciwo bara. Muna tsokanarsa da cewa gaisuwarsa ta fi layin yankar katin asibiti tsawo, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da abinsa. Abu guda yake tsoro a duniya, kuma ya sha faɗa mini: kada a wayi gari a ce wani ya cutu ta hannunsa.

Baturen da ya haɗa injin kwana uku ya yi. Littafin bayanin injin da Jamusanci aka rubuta shi, wa zai karanta? Aka tura Halliru kwas na mako shida a Kano, ya dawo da abu uku a kansa. Na farko, in za a danna maɓalli, mai ɗauka ya koma bayan wata 'yar katanga mai darma a ciki, ya leƙa ta taga. Na biyu, akwai riga mai nauyi ita ma ta darma, ya sa in dole ne ya tsaya kusa. Na uku, wani ɗan bajo ne da za a maƙala a ƙirji, duk bayan 'yan watanni a tura shi ta gidan waya a duba, a aiko da sabo. An gaya masa ya yi, ba a gaya masa dalili ba. Haka aka yi aikin wancan zamani: a sayi kaya masu tsada, a bar mutum da Allah.

A makon farko aka kawo wani dattijo daga Ɗankaza mai tari. Halliru ya tsayar da shi a gaban farantin injin, ya ce ya ja numfashi ya riƙe, ya wuce bayan katanga. Ko da ya leƙo, dattijo ya saka rigarsa yana neman ƙofa.

"Baba, lafiya? Ai ba a ɗauka ba."

"Ɗana, in abin nan ba ya cuta, me ya sa ka gudu ka ɓuya?" in ji dattijon. "A wurinmu mai magani shi ke fara kurɓar maganinsa."

Maganar ta soki Halliru, don gaskiya ce. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san in an jiƙa maka magani, mai bayarwa yakan ɗanɗana a gabanka kafin ya miƙo ƙwarya. Ranar Juma'a Halliru ya shiga kasuwa ya ɗauko wani mai gyaran rediyo, ya sa ya ƙara wa wayar maɓallin tsawo, yadda za ta kai har tsakiyar ɗaki. Daga ranar bai sake komawa bayan katanga ba. Zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da marar lafiya, hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a kan maɓalli, ya ce, "Bismillah, tare za a ɗauke mu."

Kafin a ce haka labari ya kai Kausani da ƙauyukan gabas, cewa akwai mai hoto a Wudil da ba ya gudu. Tsofaffin da ko da igiya ba a iya jawo su asibiti suka riƙa zuwa da ƙafarsu. Masu tarin fuka da yawa ta haka aka gano su da wuri, wannan ni shaida ne, don majinarsu ta hannuna take bi. Rigar darmar kuwa, da ya ji an ce kariya ce, sai ya ga bai dace shi ya saka ta, baƙo kuma ya tsaya haka ba. In mace ce mai goyo ko mai ciki, ita yake ɗaura wa a ƙugu. In babu, tana rataye a ƙusa.

Batun bajo ne ya fi ba ni takaici. Halliru ya ɗauke shi kayan gwamnati, amana, abin da ba a so ya yi datti. Sai ya naɗe shi a ƙyalle, ya saka a gwangwanin sukari, ya kulle a durowar ofis can ƙarshen baranda. Ran da manya za su zo zagaye ne kawai yake maƙalawa. Ashe ɗan fim ne a ciki, mai yin baƙi gwargwadon hasken injin da ya taɓa jikin mutum. Duk lokacin da aka tura shi, sai takarda ta dawo cewa lafiya ƙalau. Ina fa zai yi baƙi, yana kwance a gwangwani? Halliru har alfahari yake yi, yana cewa bai taɓa ɓata musu ko ɗaya ba.

Haka aka yi shekara shida, wata rana hoto goma, ranar kasuwa ya haura ashirin. Sai fatar bayan hannunsa ta fara bushewa tana tsagewa, muka ce ruwan wankin fim ne. Sai ya fara gajiya, mutumin da a da yake tahowa daga bakin kogi a ƙasa. Matarsa Barakatu ta tare ni wata rana a bakin ƙofa ta ce, "Malam Gwadabe, ka yi wa yayanka magana. In ya yi asuwaki jini ne, in ya ɗan bugu sai wurin ya yi baƙi, kuma ya hana ni faɗa."

Da ƙyar ya ba ni yatsa. Na shafa jinin a gilashi, na zuba rini, na sa a ƙarƙashin madubin gwaji. Na saba ganin fararen ƙwayoyin jini jefi-jefi a tsakanin jajaye. Ran nan kuwa sun cika fili, manya-manya, ba su nuna ba, irin waɗanda a littafi kawai na taɓa gani. Na sake wani gilashin, na sake wani. Duk abu ɗaya na gani.

Aka tura shi Zariya, na raka shi. Can muka haɗu da Dakta Isyaku, wani matashin likita da ke bincike a kan jinin masu aiki da irin wannan inji. Ya tambayi yadda Halliru ke aikinsa, shi kuma ya zayyana masa komai tsakani da Allah, har da wayar da gwangwanin. Likita ya cire tabarau ya dube shi.

"Malam, me mahaifinka yake yi?"

"Masunci ne, ranka ya daɗe."

"To ka san koma, ragar kamun kifi. A cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai wani zare da aka saƙa, shi ke gaya mata abin da za ta zama. Hasken injin nan yana tsinka shi. In sau ɗaya ne, jiki yakan ɗinke abinsa. In kullum ne, wata rana sai a ɗinke a karkace, ƙwayar ta yi ta haihuwar irinta ba tsayawa. Abin da ya faru a ɓargonka ke nan, sankarar jini ce. Ba zan rantse cewa injin ne ba, amma ba ni da wani abin zargi da ya fi shi."

Na zaci Halliru zai tambayi magani, ko kwana nawa suka rage. Sai na ji ya ce:

"Likita, mutanen fa? Ni na ce musu ba ya cuta. Da bakina na faɗa, shi ya sa suka tsaya."

"Su sau ɗaya ko biyu aka ɗauke su, wannan ba komai ba ne. Kai ne aka ɗauka sau dubbai."

Bai yarda ba. Ya ɗauka lallashi ne irin na likitoci. Aka yi masa ƙarin jini, aka ba shi ƙwayoyi, bayan wata biyu aka sallamo shi gida, kowa ya san ma'anar hakan. Yana kwance a soro a kan tabarma, ya rame har sai ka ƙirga haƙarƙarinsa, amma ba ciwon ne ke hana shi sukuni ba. In na je dubiya sai ya kama hannuna.

"Gwadabe, don Allah ka duba mini su. Kada in je gaban Ubangiji da hakkin mutane a wuyana."

Na san ba a yin haka, na kuma san likita ya yi gaskiya. Amma wa zai iya ce masa a'a? Na ɗauki akwatin gilasai na hau babur. Halliru ya riƙa faɗa mini sunaye daga kansa, wane a Kausani bayan masallaci, wance a Ɗankaza gidan mai tukwane. Ban ce musu komai ba sai dai Mai Hoto ne ya aiko ni, su kuwa da jin haka sai su miƙo yatsa. Wasu suka haɗo ni da ƙwai, wasu da fura, a kai masa. Ranar kasuwa na kafa tebur kusa da 'yan shanu na tare waɗanda suka shigo gari. Sati biyar ina wannan aiki, shi kuma kullum ciwon yana ƙara cinsa.

Ranar wata Laraba bayan la'asar na je masa da sakamako. Barakatu ta ɗaga kansa ta jingina da filo.

"Yaya, na gama. Mutum ɗari biyu da sha ɗaya. Akwai masu zazzaɓi, akwai masu ƙarancin jini irin na rashin abinci. Irin naka babu."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Ka rantse."

"Wallahi tallahi."

Ya lumshe ido, hawaye suka gangara ta gefe zuwa kunnensa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ni kaɗai ne." Ya nemi a ba shi furar Kausani, ya sha ludayi biyu, abin da ya yi kwanaki bai yi ba. Ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa, yana da shekara arba'in da huɗu, ya bar 'ya'ya biyar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Mutane sun ce na yi masa halacci, ni kuwa ba na son jin wannan magana. Na zaga ƙauyuka na duba jinin mutum ɗari biyu da sha ɗaya waɗanda ba abin da ya same su. Wanda ya kamata in duba tun da wuri, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa. Shekara shida muna cin abinci a kwano ɗaya, ina kallon hannun nan yana tsagewa, ban taɓa ce masa ya miƙo yatsa ba.