Baturen da Ba Ya Jin Turanci

A garinmu, can tsakanin Funtua da Malumfashi, Turanci na Kawu ne. Ƙanen mahaifiyata ne, ya yi aikin awon auduga a kamfanin gurza tun ina goye. Mu da muka yi boko har muka zama malaman makaranta, an ce namu na takarda ne. Nasa kuwa daga bakin Turawa ya ɗebo shi da zafinsa.

Abin da ya fi burge majalisa shi ne jerin ƙasashe da harsunansu. Sai ya gyara zama a kan benci ya fara: “England, English. France, French. China, Chinese.” Mutane su yi ta gyaɗa kai kamar masu sauraron wa'azi. Gonarsa ba ta taka kara ta karya ba, sarauta babu, amma in baƙon nesa ya zo, shi ake aikawa a kira. Iyakar abin da ake girmama shi da shi ke nan.

Farkon wata damina sai ga wani Bature ya zo nuna mana injin shuka waken suya. Tafintansa ya maƙale a Funtua, direba ya kawo shi ƙofar gidan mai gari shi kaɗai. Kawu ya zuba babbar riga ya fito, ni ma na bi shi.

Ya yi wa baƙo maraba da Turanci, ya ɗora da dogon bayani. Bature ya yi murmushi, ya dafa ƙirji ya ce, “Brazil. Portuguese. No English.”

Kawu ya sake, wannan karon da ƙarfi. Bature ya buɗe hannuwa. Sai wani dillalin masara, wanda da ma ba sa ga maciji da Kawu, ya ce, “To fa! Shekara da shekaru ana yi mana Turanci, yau mai abin ya zo bai gane ko ɗaya ba.”

Dariya ta ɓarke. Raina ya ɓaci, na sa baki na ce wa mai gari, “Ranka ya daɗe, ba kowane Bature ke jin Turanci ba. Wannan ƙasarsu Brazil, harshensu Portuguese.”

Ya dube ni ya ce, “Bature ba ya jin Turanci? To me zai ji, Fillanci? Kai dai kawunka kake karewa.”

Har yau in na tuna sai na ji haushi. Ni ne fa mai koya wa 'ya'yansu taswirar duniya.

Na waiga na dubi Kawu, tausayinsa ya kama ni. Can sai ya yi gyaran murya ya ce, “Jama'a, ku rage dariya. Wannan bawan Allah daga ƙauye yake. Manomi ne kamarku, iyayensa ba su sa shi boko ba. Ku dubi tafin hannunsa mana.”

Aka duba. Hannu kuwa duk kanta. Nan take dariya ta koma tausayi, har dillalin nan yana cewa, “Allah sarki, ashe su ma akwai irinmu.” Mai gari ya sa aka damo wa baƙo fura. Injin kuwa da hannu ya yi ta nunawa, kowa ya gane, Kawu na gefe yana fassara abin da ba a faɗa ba.

Da yamma muka kamo hanyar gida mu biyu. Sai da muka wuce masallaci ya waiga, ya ga ba kowa, ya rage murya.

“Malam, wannan harshen da ka faɗa, da gaske akwai shi?”

Na ce, “Akwai, Kawu.”

Ya ci gaba da tafiya, har na zaci magana ta ƙare.

“Duk zamana da Turawa, ba wanda ya taɓa gaya mini,” in ji shi. “Sake faɗa mini sunan. A hankali, kada wani ya ji.”