Jaririn da Nono Ya Cutar

A shekarar da sojoji suka koma bariki na haifi ɗana na uku, a gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi. Hotunan 'yan takara na nan a bangon layinmu, ruwan sama ya fara ɓamɓare su. 'Ya'yana biyun farko ba su kai kwana arba'in ba. Kowanne ya zo da lafiyarsa ya kama nono, sai amai, sai idanu su yi rawaya, ciki ya kumbura.

Shi kuwa wannan, ranar suna ya fara amai. Ana rabon goro a waje, ni ina ɗaki ina goge masa baki.

Uwar mijina gwaggona ce, ƙanwar babana. Ta sa na tatsa a ƙoƙo, ta jefa tururuwa a ciki. Tururuwar ta fito da ranta.

"Nononki lafiya lau," in ji ta. "Ci gaba da ba shi."

Na ci gaba.

Wata tsohuwar maƙwabciyarmu, malamar asibiti 'yar Kudancin Kaduna, ta zo barka daga Tarauni. Tana buɗe idon yaron ta ce in ɗauko mayafina. Ta kai ni wurin wani likitan yara a unguwarsu. Ya tambayi yadda biyun suka rasu, ya tambayi dangantakata da mijina. Aka gwada fitsarin yaron, aka huda dunduniyarsa aka ɗiga jini a kan wata takarda da za a aika ƙasar waje, don a nan babu na'urar.

"Daga yau kada ki ƙara ba shi nono," in ji likitan. "Kowane nono akwai wani irin sukari a ciki. Jikinsa ba ya iya sarrafa shi, sai ya taru ya ɓata hanta. Ina zargin gado ne, daga ke da mahaifinsa duka."

"Likita, har da yayyensa?"

"Da alama."

Muka koma madarar waken suya. Amai ya tsaya, amma hantar ta riga ta lalace. Ina kallonsa yana neman ƙirjina da baki, ina kawar da shi. Da aka fita da gawarsa a tabarma, gaban rigata a jiƙe yake.

Bayan watanni sakamakon ya dawo, muka je da mijina. Likitan ya ce zarginsa ya tabbata, kuma duk cikin da zan yi yana iya zuwa da ciwon. Mijina ya yi godiya. A bakin titi 'yan acaɓa suna ta tsayawa, bai ɗaga kai ba. Da ƙafa muka tako har gida, yana gaba ina baya.