Aikin Gidan Malam da Aikin Gidan Iya

Jikata ta dawo daga makaranta rannan tana kumbure-kumbure, wai an yi muhawara a ajinsu kan ko ya kamata a soke aikin gida, kuma ɓangarenta, na masu cewa a soke, shi ya sha kaye. Ta zo neman ɗauki wurina tunda na yi shekaru ina koyarwa kafin in ajiye alli. Na ce mata ni ba a yi mini wannan tambaya a tsaye. Aikin gida iri biyu na sani a rayuwata, kuma sun taɓa yin karo a kaina har na kusa rasa makarantar ɗungurungum.

A wani ƙauye kusa da Taba na tashi, cikin ƙasar Kudan, a hannun kakata ta wajen uba. Iya muke ce mata. Ni ce 'yar fari, don haka ana yaye ni aka miƙa mata ni, iyayena suna can sashensu suna kawar da kai kamar ba su san ni ba. Sana'ar Iya fura ce. Ba ta damawa, dawo take yi curi-curi, matan Fulani su zo da sassafe su ɗiba, su haɗa da nononsu su nufi fadama inda ake saran rake da dafa mazarƙwaila. Duk wanda ya san fura ya san wahalarta a turmi take. A surfa gero, a wanke, a daka da citta da kanumfari, a tankaɗe, a dafa, sannan a dawo turmin a kirɓa. Tun ban kai tsawon taɓarya ba Iya ta sa aka sassaƙa mini 'yar ƙarama.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka ce kowace unguwa ta ba da yara a sa su boko. Mai unguwa ya zo gidanmu, babana ya ce shi ba shi da ta cewa, a je ga tsohuwa. Iya ta bar bawan Allah yana ta zuba bayani a bakin ƙofa har ya gaji, sannan ta ce:

"Na ji, na ba ku aronta. Amma ka ji da kunnenka, ka kai wa waɗanda suka aiko ka. Daga hantsi zuwa azahar taku ce. In ta dawo tawa ce. Ran da bokon nan ya biyo ta cikin gidan nan, ran nan ta gama."

Iya ba ta maimaita magana, ba ta kuma janye ta. Kowa a unguwar ya san haka, ni ma na sani.

Shekarun farko ba a samu matsala ba, don allunan da muke rubutu a kai a makaranta suke kwana cikin akwati. Wayyo, ina kewar hanyar makarantar nan. Ta cikin fadama take ratsawa, doki yana ta zagaya injin matsar rake, ga ƙamshin ruwan rake yana tafasa a manyan kasake. In masu dafawa suna cikin nishaɗi su kankaro mana ƙanzon da ya maƙale a gefe, mu tafi muna lasa, mu isa aji da yatsu masu danƙo. Makarantar kanta ɗakuna biyu ce na ƙasa, ƙararrawarmu wani guntun ƙarfe ne da aka rataye a jikin tsamiya. Ban taɓa son wani wuri kamar yadda na so ta ba.

Muna aji huɗu aka kawo mana sabon malami, saurayi, fitowarsa ke nan daga makarantar horon malamai. Yana da keke, yana da dogayen safa farare har gwiwa, yana kuma da zumuɗi. Shi ya raba mana littattafan rubutu da fensir ya ce mu riƙa zuwa da su gida. Ranar farko ya cika allo da lissafi ya ce mu kwafa, muka kwafa. Da za a tashi ya ce, "Daga yau kullum akwai aikin gida. Gobe zan tambayi kowa." Kalmar da ya koyo da Turanci ce ya juya ta Hausa, bai san ta riga tana da mai ita ba. Babu ko ɗayanmu da ya haɗa maganar da abin da ke kan allo.

Ina isa gida na ce, "Iya, Malam ya ce daga yau kullum sai mun yi aikin gida, gobe zai tambaya."

Ta dakata da bakace. "Shi malamin ne ya faɗa da bakinsa?"

"Da bakinsa."

"Kai, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ashe a cikinsu ma akwai 'ya'yan mutane. To maza ajiye jakar, ga gero can yana jiran ki. In kin gama ki share tsakar gida, kada gobe ki ba ni kunya."

Washegari Malam ya ce wanda ya yi aikin gida ya ɗaga hannu. Ajin nan kaf muka ɗaga, har da masu ɗaga biyu. Fuskarsa ta washe. Ya nuna wani yaro a gaba ya ce ya kawo nasa a gani. Yaron ya miƙe ya ce shi ciyawa ya yanko wa tumakinsu, kuma sun cinye. Wata ta ce ta yi goyon ƙanenta har magariba. Ni na ce surfe da daka da shara, na ƙara da cewa Iya tana gaishe shi. Malam ya tsaya yana kallon mu, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa tebur. Ran nan bai doki kowa ba, ya yi mana bayani dalla-dalla. Daga washegari ne tsumagiya ta fara aiki.

Labarin ya zaga gari aka yi ta dariya, amma bai shiga kunnen Iya ba, don ba a kai mata labarin da zai nuna ta yi kuskure. Ni kuwa da wane baki zan faɗa? In ta san aikin gidan Malam na littafi ne, boko ya biyo ni gida ke nan, kuma na san abin da ta ce. Da dare babu hali, ana idar da isha'i take hure fitilar aci-bal-bal. Sai na koma yi da safe a kan hanya, in raɓe gindin wata ɗorawa in ɗora littafin a gwiwa, raɓa tana jiƙa shafin. In na tsaya na gama, na makara, a doke ni. In na yi sauri na isa kan lokaci, ban gama ba, a doke ni. A tafin hannu yake duka. Da yamma in kama taɓarya da hannun nan, in cije leɓe. Iya takan kama hannuwan ta shafa musu man kaɗanya tana tsiya: "Hannun 'yan boko ke nan, ba ƙwari. Ɗan dakan nan ne ya kumbura ki haka?"

A lokacin na tsani aikin gida, amma lissafin ina son sa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Daga baya da na zama malama ni ma na bayar, ba zan yi ƙarya ba, kuma na ga amfaninsa. Abin da ke ba ni takaici da masu muhawarar yanzu, na ɓangaren a soke da na ɓangaren a bari, duk suna magana kamar yaro yana komawa gida ne ya tarar da tebur da fitila suna jiran sa. Ba wanda ke tambayar me yaron zai ajiye kafin ya ɗauki fensir, kuma wa zai ɗauki abin da ya ajiye.

Asiri ya tonu wata ranar kasuwar Makarfi bayan la'asar. Iya tana zaune a ƙofar gida tana tsince gero, ni ina gefe da faifai, sai ga Malam a kan kekensa ya dawo daga cin kasuwa. Ta ɗaga masa hannu. Ya sauka, ya jingine keken, ya durƙusa. Suka gaisa, ya gida, ya gajiya, ya yara, ya baƙunta, ya mutanen can wajenku.

"Malam, dama ina ta son in yi maka godiya," in ji Iya. "Tun da ka fara sa su aikin gida yarinyar nan ta nutsu. Ba ta tsallake ko rana ɗaya."

Malam ya dube ni, ya dube ta. "Iya, ki yi haƙuri, amma ai ita ce ba ta yi. Kullum rabi take kawowa, shi ma a jiƙe."

"A jiƙe? To da a bushe ake kirɓa fura? Kuma yaushe ta taɓa kai maka?"

"Ba fura ba, Iya. Aikin gida."

"Shi nake faɗa maka! Wa ya surfa geron jiya? Kai?"

Nan Malam ya gane. Ya sunkuyar da kai, ya yi bayani a hankali: lissafi ne a littafi, ana ba su su yi a gida. Ya ƙara da cewa jarrabawar shiga babbar firamare ta matso, kuma yarinyar tana da ƙwaƙwalwa, in ta samu lokaci za ta ci. Iya ta ce, "To, Malam, a sauka lafiya." Ta kwashi geronta ta shiga gida, na bi ta.

Na ɗauka za ta ce in miƙo jakar. Sai ta zauna a bakin turmi ta ce in kawo hannuna. Ta buɗe tafin, ta jima tana dubawa.

"In ba ki gama ba me yake yi miki?"

Na kawar da kai.

"Tambayar ki nake."

"Duka."

"A nan?"

Na gyaɗa kai. Ta bi sawun da babban yatsanta, na kwance da na gicciye, tana rabe na taɓarya da na tsumagiya. Ban taɓa ganin idon Iya ya kawo ruwa ba sai ran nan, kuma haushi ne ya kawo shi. "Ni ina nan ina shafa mai ina yi miki tsiya," in ji ta.

Da safe ba ta hana ni tafiya ba, ba ta kuma ce in tafi ba. Na tafi ina ganin ranar ƙarshe ce. Har tsamiyar nan sai da na tsaya na kalla da za a tashi. Da na dawo na ajiye jaka na nufi turmi kamar kullum, sai na tarar an shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, an kife ƙaramin akushi a kai.

"Ina za ki?" in ji Iya. "Me shi Malam ɗin ya kira abin nan nasa?"

"Aikin gida."

"Da bakinsa ya kira shi haka, ko ni na sa masa?"

"Da bakinsa."

"To ni ban ga boko a nan ba. Aikin gida ne, kuma a gidan nan ni ke raba aiki. Naki ga shi can, ki ɗora littafin a kan akushi. Daka nawa ne."

Haka ta fitar da kanta daga maganarta ba tare da ta janye ko harafi ba. Ta kuma aika wa Malam cewa hannun da zai riƙe fensir ba a dukan sa, in yana da ƙara ya kawo mata. Bai sake taɓa ni ba.

Tun daga ranar, kullum bayan azahar ina inuwar rumbu, ita tana bakin turmi da babbar taɓarya. Ta tsufa da wannan aiki, ni ma na sani. Da kunne nake bin dakan ina rubutu. Yakan fara da ƙarfi, ya ja baya, sai ya tsaya cak, in ji numfashinta. In na yunƙura zan tashi, ko juyowa ba ta yi sai ta ce, "Zauna. Ban ji kin ce kin gama ba." In na ce na gama, sai ta karɓi littafin ta riƙe shi a juye, ta duba shi sama da ƙasa, ta nuna wani wuri ta ce nan bai cika ba, in koma. Wani lokacin ma sai in duba in ga da gaskiyarta.

Na ci jarrabawar. Aka kai ni makarantar kwana a birni, inda ake yin komai a aji ƙarƙashin fitila, ba mai jiran ka da gero. Hutun farko na dawo da ɗokin in karɓi taɓaryata in hutar da ita. Na tarar da turmin a kife a bayan ɗaki, kaji suna hawa. Matan Fulani sun koma wani gida ɗaukar dawo. Kafaɗar Iya ta dama ta riƙe, hannun ba ya ɗaguwa, ko ɗankwali sai da na hagu take ɗaurawa. Matar babana ta ce tun kafin in tafi abin ya fara, Iya ce ta hana a gaya mini.

Na zauna kusa da ita na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta zungure ni da hannun mai lafiyar.

"Ke, rufe mini baki, mutuwa aka yi? Can ɗin ba sa ba ku aikin gida ne in za ku zo hutu?"

Na ce sun ba mu.

"To me kike jira? Ɗauko akushin."