Tikitin Ƙwallon Hajiya Asibi

Mudasiru injiniya ne a Doha, aikinsa bin sawun jirage. Kowane jirgi yana sanar da tauraron ɗan'adam inda yake, shi kuma yana gaban allo yana kallonsu kamar ƙudaje a faranti. Ba ya wasa da sallah, amma akwai cika baki. A unguwarsu ta Ain Khaled ko gaisuwa ka yi masa, sai ka ji nisan jirgin Kano daga ƙasa.

Matarsa Safura ta haifi 'yarsu ta fari, Firdaus, a tsakiyar korona, sama fayau ba jirgi, ba uwar da za ta zo wankan jego. Tun daga nan duk ciwon bayan da ta yi, laifin Mudasiru ne.

Haihuwa ta biyu ta faɗo daidai gasar kofin duniya a Qatar, lokacin da baƙo ba ya shiga ƙasar sai da tikitin kallon wasa. Mudasiru ya rantse wannan karon surukarsa Hajiya Asibi za ta zo. Ya yankar mata tikiti, bai faɗa mata na ƙwallo ne ba.

Ranar tafiya ya bi jirgin tun daga Kano, yana ta bugo wa mai jego waya.

"Ga Hajiya ta ƙetare Bahar Maliya. Khalas, magana ta ƙare, ɗora ruwan wanka!"

Jirgi ya sauka a kan minti. 'Yan kallo suka yi ta fitowa da ganguna da fenti a fuska, ba Hajiya. Ya kira ta.

"Hajiya, kina ta ina?"

"Ina kan tabarmata a Gwammaja, ɗan nan."

"Amma na ga jirginku..."

"Jirgin ka gani. Ma'aikacin filin jirgi ya duba takardata a gaban jama'a, ya ce, 'Hajiya, wace ƙasa kike goyon baya?' Ni da ke jan ta'alimin matan unguwa, a ce na haye sama kallon ƙarti da gajeren wando?"

"Ba sai kin shiga filin ba, ranki ya daɗe."

"To in ci amanar takarda kuma? Sai an tashi daga wasan."

Washegari aka ga babban injiniya a wata gona a Umm Salal, bayan garin Doha, yana roƙon ganyen darbejiya. Sati uku yana dafa ruwa safe da yamma, Safura tana tsoma yatsa tana cewa, "Bai yi zafi ba, Baban Firdaus. Mayar."